Daga ƙwaron danƙo zuwa fitilar Rumawa: yadda na koyi taya kaya a gwanjo

Abu na farko da na taɓa saya a gwanjo ƙwaron teku ne da ya mutu ya zama dutse. Tirilobait ake ce wa irinsa, halittun da suka bazu a tekunan duniya tun kimanin shekaru miliyan 520 da suka wuce, suka ƙare ƙaf shekaru miliyan 252 baya. Nawa bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, baƙi sitik a kan dutse mai ruwan toka, an rubuta a ƙarƙashin hotonsa cewa daga yankin Alnif na ƙasar Maroko aka haƙo shi. Da dare na gan shi a intanet, da dare na taya, aka sallama mini kafin in kwanta. Ban tambayi kowa komai ba.

Da ya iso sai na ɗauka na kai wa kawuna, wanda ya yi shekaru yana koyar da ilimin duwatsu kafin ya yi ritaya. Ya karɓa, ya jujjuya shi a tafin hannu, ya zaro ɗan madubin nan nasa mai ƙara girman abu ya kafa a ido. Shirun da ya yi ya fi ƙarfin yabo.

"Ɗan nan, nawa ka ba su?"

Na faɗa masa.

"To, kuɗin makaranta ka biya. Matso ka gani."

Ya nuna mini ƙananan ramuka a kan ƙwaron, kamar inda kan allura ya taɓa. Ya ce kumfar iska ce da ke maƙalewa idan an zuba danƙo a mazubi. Ya nuna mini idanun. Irin wannan ƙwaro idonsa jerin ƙananan ƙwayoyi ne kamar saƙar zuma, kowace ƙwaya a zaune daram, amma nawa sumul suke kamar an shafe su da yatsa. Sannan ya gaya mini abin da ban taɓa tsammani ba, wai tsagewa alama ce mai kyau. Masu haƙa sukan fasa dutse ne su hangi ƙwaron a bakin tsagar, su manne dutsen, sannan su bi shi a hankali suna sassaƙe abin da ya rufe shi. Saboda haka na gaskiya yawanci za ka ga siririn layi ya ratsa dutsen da ƙwaron baki ɗaya. A nawa layin ya ratsa jela da gadon baya, da ya zo wuya sai ya ɓace. Kawu ya ɗora allura a wuta, ya dangwala ta a gefen kan. Warin roba ya tashi. Jela da rabin jiki na Allah ne, kai kuwa aikin hannun mutum ne.

Na koma na karanta abin da aka rubuta a kundin gwanjon. Akwai 'yan kalmomi a can ƙasa da ke cewa an yi masa gyara. Na karanta sharuɗɗan sayarwa, waɗanda na danna na amince da su ba tare da na duba ba. Kaya yadda ka gan su haka ka saya, ba a mayar da kuɗi sai idan abin jabu ne gaba ɗaya, kuma sai ka kawo hujja cikin 'yan kwanaki. Ba wanda ya yi mini ƙarya a rubuce. Ni ne na saya da ido ɗaya.

Kawu ya ce kada in damu, manya ma sun sha wannan. A 1999 mujallar National Geographic ta sanar da duniya wani burbushi daga Sin da aka raɗa wa suna Archaeoraptor, wai mahaɗa tsakanin tsuntsu da dinaso, wato halittun nan masu kama da ƙadangare da suka ƙare miliyoyin shekaru da suka wuce, daga baya aka gane gaɓoɓin halittu daban-daban ne aka manne wuri guda. Kuma kuɗin da ke yawo a harkar ya isa ya sa a manne komai. Ƙwarangwal ɗin dinason da ake kira Sue an sayar da shi dala miliyan 8.36 a gidan gwanjon Sotheby's a 1997. Wani mai suna Stan ya tashi a dala miliyan 31.8 a Christie's a 2020, sannan Apex ya kai miliyan 44.6 a 2024. Mu 'yan ƙasan tebur ba ruwanmu da waɗannan alƙaluma, amma iskar da ta kaɗa manyan rassa ita ke kaɗa ƙanana.

Na yi watanni ban sake taya komai ba. Kallo kawai nake yi. Na gano ana iya buɗe gwanjo kai tsaye a kwamfuta a zauna ana kallo ko da mutum bai yi rajista ba, sai na mayar da shi abin yi. Nakan riƙe kundin kayan, in rubuta abin da nake jin kowane kaya zai tashi, in gwada da abin da guduma ta faɗa a kai, wato farashin da mai gwanjo ya buga gudumarsa ya sallama. A nan na koyi karanta harshen kundin, domin harshe ne mai zaman kansa. Idan an ce abu na ƙarni kaza ne, gidan gwanjo ya tsaya a kan maganarsa. Idan an ce ana danganta shi da ƙarni kaza, sun ja da baya taku ɗaya. Idan kuwa an ce a kan salon Rumawa yake, ko an yi shi bisa tsohon samfuri, to a fakaice ana gaya maka sabo ne. Ƙiyasin farashi da ake bugawa kuma sau da yawa koto ne, a sa shi ƙasa-ƙasa don jama'a su taru. A bayansa akwai wani adadi na sirri da mai kaya ya ce ba zai sallama ƙasa da shi ba. Idan tayi bai kai nan ba, sai ka ji mai guduma ya ce an wuce, wato albarka ke nan.

Da na ji na shirya, sai na yi rajista da wani matsakaicin gidan gwanjo a Turai da ke haɗa kayan tarihi da burbushin halittu da sassaƙe-sassaƙen nahiyoyi a zama ɗaya. Suka nemi hoton fasfo, da takardar da ke nuna adireshina, da katin banki. Dokokin hana halatta kuɗin haram ne suka sa yanzu ake wannan binciken. Kwana biyu aka amince da ni, aka ba ni lamba.

Abin da ya fara ɗauke mini hankali a kundin wani mutum-mutumi ne na gasasshen yumɓu, mutum a durƙushe ya ɗaga haɓa sama, irin waɗanda ake samu a kwarin kogin Neja a ƙasar Mali, wajen Jenne. Na daɗe ina kallonsa. An haɗa shi da takardar gwajin ɗakin bincike, irin gwajin da ake huda ɗan rami a ɗebi garin yumɓun a dumama shi, hasken da ya fitar ya nuna tsawon lokacin da ya yi tun da aka gasa shi. Takardar ta ce ya yi ɗaruruwan shekaru. A wurin salsala kuwa, wato jerin hannuwan da kayan ya bi kafin ya iso gwanjo, layi ɗaya ne tak, wai daga tarin wani mutum a Turai. Ba suna, ba shekara.

Na rubuta musu na tambaya yaushe ya bar Mali, da wace takarda. Amsar ta zo cikin ladabi, mai kayan ya gaje shi ne, iyalin na jin tun da daɗewa yake gidan. Na kai wa Kawu maganar.

"Kawu, gwajin fa ya nuna tsoho ne."

"Tsufansa na tambaye ka? Wa ya haƙo shi, da izinin wa?"

Shekarar da kowa ke ambata a wannan harka ita ce 1970, lokacin da hukumar UNESCO ta fitar da yarjejeniyar hana safarar kayan tarihi ta haramtacciyar hanya. Manyan gidajen tarihi sun mayar da ita ma'auni. Abin da za a iya nuna cewa ya bar ƙasarsa kafin 1970, ko ya fita bayan nan da takardar izini, ana iya taɓa shi. Wanda ba haka ba, a yi nesa da shi. Wasu ƙasashen ma dokokinsu sun girmi wannan shekara nesa ba kusa ba. Na duba jan jerin da majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fara fitarwa a shekarar 2000 kan kayan tarihin Afirka da ake wawashewa. Yumɓun kwarin Neja na ciki, tare da na Nok da Ife da Bura da Sao. Galibin irin waɗannan da ke kasuwa daga ramukan da aka tona a ɓoye suka fito, kuma wanda ya tona ya watsar da duk abin da ke kewaye da su, tukwane da gawayi da ƙasusuwan da za su gaya wa masana su waye suka yi su. Gwajin ɗakin bincike ma ba ya rufe ƙofa, domin maƙeran jabu sun daɗe da koyon ɗora sabon jiki a kan tsohon gindi, su bar mai gwaji ya huda inda ke da tsufa. Wannan darasin ƙwarona ya riga ya koya mini.

Ko mutum ya ajiye batun halacci gefe, akwai batun asara. A watan Mayun 2012 an yi gwanjon ƙwarangwal ɗin dinaso Tarbosaurus a Niyok, ya tashi sama da dala miliyan 1. Shugaban Mongoliya na lokacin, Elbegdorj, ya sa baki, domin dokar ƙasarsa ta hana fitar da irinsa. Hukumomin Amurka suka ƙwace shi, aka mayar da shi gida a 2013. Wani allon yumɓu kuma mai ɗauke da wani sashe na labarin Gilgamesh, tsohuwar almarar mutanen Iraƙi ta dā, an saye shi dala miliyan 1.67 a 2014, da wasiƙar da ke cewa a cikin akwatin kayan da aka saya a wani gwanjo a 1981 aka tsince shi. Wasiƙar ƙarya ce. Aka ƙwace allon a 2019, ya koma Iraƙi a 2021. Wannan na biyun ya fi tsaya mini a rai, domin ya nuna takardar ma ana ƙera ta kamar yadda ake ƙera kan ƙwaro.

Na bar mutum-mutumin. Ba zan ce zuciyata ba ta yi ta komawa kansa ba.

Can wajen ƙarshen kundin, inda ake jera ƙananan kaya, na ga wata fitilar yumɓu ta Rumawa, irin a-ci-bal-bal ɗinsu da ake zuba wa man zaitun a sa lagwani a baki. Jajaja ce, za ta zauna a tafin hannu, ba zane ba ado. A gindinta an buga suna da manyan haruffa, FORTIS. Wannan sunan masana sun san shi sarai. Mai masana'antar fitilu ne a kusa da garin Modena na arewacin Italiya, a ƙarni na 1 zuwa na 2 miladiyya, kuma fitilunsa sun bazu a daular har wasu maƙera a larduna suka riƙa kwafar sunan suna bugawa a nasu. Abin ya ba ni dariya, ashe tun zamanin ake jabun tambari. Irin waɗannan fitilu dubbai ne a duniya, shi ya sa manyan masu tara kaya ba sa ko kallonsu. Abin da ya tsayar da ni salsalarta ce, layi huɗu cur. An ambaci tsohon kantin da ya sayar da ita a shekarun 1960, da mutumin da ya saya, da ɗiyarsa da ta gaje ta, kuma an ce rasit ɗin asali na nan.

Wannan karon na yi tambaya har na ji kunya. Na nemi rahoton lafiyar kayan a rubuce. Na nemi hoton gindi, da na baki, da na gefen da saman fitila da ƙasanta suka haɗu, domin a mazubi biyu ake yin su sannan a manne tun yumɓu na ɗanye. Na nemi hoton rasit ɗin gaba da baya, da na 'yar takardar da ke manne a jikinta. Na tambaya ko sun haska ta da fitilar nan mai shuɗin haske da ke tona gyara, domin danƙo da sabon fenti sukan yi wani ƙyalli daban a ƙarƙashinta. Na tambaya ko sun bincika ta a rumbun kayan sata na Art Loss Register, ni kuma na duba ta a manhajar ID-Art ta 'yan sandan duniya, Interpol, wadda kowa ke iya saukewa a waya. Matar da ke kula da sashen ta amsa duka ba tare da ƙosawa ba. Akwai ɗan ɓalli a bakin fitilar, da tsohon baƙin hayaƙi inda lagwani ya ci, ba mannin gyara. Lambar da ke jikin 'yar takardar ita ce a rasit, rubutun hannu ɗaya, tawadar ta koɗe iri ɗaya. Yadda ta saki jiki da tambayoyin nan ya bambanta ƙwarai da gajeriyar amsar da na samu kan mutum-mutumin, duk da gida ɗaya ne.

Sai lissafi. Kuɗin da guduma ta faɗa a kai somin taɓi ne. Akwai la'adar mai saye, wadda Christie's da Sotheby's suka shigo da ita a Landan a 1975 a kan kashi 10 cikin ɗari, yanzu kuwa a gidaje da yawa ta kai kashi 25 ko fiye. Akwai haraji a kan la'adar. Idan ta wani dandalin intanet ka taya, shi ma yana da 'yan kasonsa. Sannan ɗauri, da inshora, da jigila, da abin da kwastan za su nema. Na zauna da biro na fara daga abin da zan iya biya gaba ɗaya, na yi ta cirewa ina komawa baya har na isa adadin da zan tsaya a kai. Ya fito kusan kashi biyu cikin uku na abin da ke aljihuna. Na rubuta shi da manyan lambobi a takarda na manna a gefen kwamfuta.

Ana iya barin tayi a rubuce tun kafin ranar, gidan ya riƙa taya maka har iyakar da ka sa. Ana iya yi ta waya. Kawu ya ce in bar shi a rubuce in je in yi barcina, don zafin gwanjo ya fi ƙarfin mai hankali. Ban ji maganarsa ba, ina so in gani da idona.

Ranar na zauna tun kaya na farko. Mai guduma na tafiya da sauri, kaya ɗaya ba ya cin minti guda. Mutum-mutumin ya zo kafin fitilata. Mutum biyu suka kama shi, ɗaya a waya ɗaya a intanet, ya ninka ƙiyasinsa kafin in gyara zama, aka buga guduma. Ban san inda ya tafi ba, kuma duk wanda ya saya layin nan ɗaya zai gada.

Da aka zo kan fitilar tafin hannuna ya jiƙe. An buɗe ƙasa da ƙiyasi. Na bari wani ya fara, sannan na danna. Allon ya nuna ni ke gaba, kafin in yi numfashi ya nuna an wuce ni. Kowane tayi yana hawa da kusan kashi goma cikin ɗari, kuma ba kai ke zaɓar adadin ba, maɓallin ne ke nuna maka na gaba. Wani da ke zaune a zauren ya fita a zagaye na uku, saura ni da wani a intanet wanda ban san ko a wace nahiya yake ba. Na taya na huɗu. Ya taya. Na biyar shi ne daidai lambar da ke manne a gefen kwamfutata. Na danna, na ɗauke hannuna daga kan tebur na sa a ƙarƙashin cinya, don na san idan ya ƙara zan bi shi. Hoton da ke zuwa ta intanet yakan makara da daƙiƙa ɗaya ko biyu, saboda haka na ga rubutu ya canza a allo kafin in ji ƙarar gudumar. Lambata ce.

Washegari takardar biya ta iso, kuma lissafina bai kauce ba sai da kaɗan. An ba ni 'yan kwanaki in biya, tare da gargaɗin cewa kayan da aka bari ba a ɗauka ba za su fara cin kuɗin ajiya. Abin da ban shirya masa ba shi ne jira. Tsohon abu irin wannan ba ya barin ƙasar sai da izinin fitarwa daga hukumar al'adu, gidan gwanjon ne ya nema a madadina, aka yi makonni. Kamfanin jigila na farko da na tuntuɓa ya ce ba ya ɗaukar kayan tarihi sam. Na biyu ya yarda, amma kuɗinsa ya kusa rabin kuɗin fitilar. A takardar kwastan na nace a rubuta gaskiyar abin da ke ciki da shekarunsa da kuɗinsa, duk da wani ya ba ni shawarar a rubuta kayan ado kawai don a rage haraji. Takardar da ta yi ƙarya a yau ita za ta zama ramin salsalar gobe, kuma inshora ba ta biyan abin da ba a bayyana ba.

Kwali ya iso cikin kwali, fitilar na tsakiya a naɗe kamar jinjiri. Ta fi yadda na zata sauƙi a hannu. Na haska cikin ramin da ake zuba mai, na hangi inda aka danna yumɓu cikin mazubi da yatsa. Na haɗa tsohon rasit, da shafin kundin gwanjo, da wasiƙun da muka yi musaya, da izinin fitarwa, da takardar kwastan, na sa a fayil ɗaya, na ƙara layi na biyar a salsalar da sunana da kwanan wata.

Sannan na kai wa Kawu. Na miƙa masa fitilar, ya ture hannuna.

"Ba ni takardun tukuna."

Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga rasit ɗin sama ya duba shi a hasken taga. Sai da ya gama ya karɓi fitilar, ya kafa madubinsa, ya bi layin mannin gefe, ya kai bakin hancinsa ya shinshina.

"Kawo man zaitun da ɗan tsumma mu gani ko tana ci."

"Haba Kawu, shekara kusan dubu biyu fa!"

"To ai don a kunna aka yi ta."

Ban kawo man ba. Ya yi dariya, ya ajiye ta a kan tebur kusa da ƙwaron nan mai kan danƙo, wanda tun ranar allura ya ƙi mayar mini da shi, wai da shi yake koya wa masu kawo masa duwatsu.